An Yi wa Kabeji Wanka

Tun kafin mai keke napep ya taka birki warin ya daki hancin Kubura. Duk wanda ya taɓa ratsa lambunan da ke bayan barikin Shadawanka ya san wannan wari, na maganin feshi mai kama maƙogwaro. Sai dai yau bai kamata a ji shi a nan ba. Ta sauka, ta tattare mayafinta, ta gangara wajen rafi da sauri har takalminta yana zamewa.

Hanyar ma ta canza kama. An share ta tas, an jera duwatsu dama da hagu, wasu leburori sun duƙufa suna shafa musu farar ƙasa. Tsohuwar darbejiyar da manoma ke cin abinci a gindinta ita ma an shafe ta da fari har ƙugu. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, a gaba kuma ga wata ƙatuwar kujera mai laushi da aka ɗauko daga ofis, an girke ta a kan darduma don kada ƙafafunta su taɓa ƙasa. Haka ofishinsu yake. In za a yi babban baƙo, ko dutse sai ya yi kwalliya.

Kubura malamar gona ce, kuma wannan taron nata ne, ko da yake ba wanda zai gane haka daga tsarin kujerun. Shekara da shekaru darɓa ta addabi masu noman kabeji a bakin rafin nan. Wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne da ke lafewa a bayan ganye suna tsotse ruwansa, har ya nannaɗe, ya yi danƙo, ya ƙi ƙulla kai. Manoman sun yi feshi har sun gaji. Murfin kwalba ɗaya na magani ya daina aiki suka ƙara, ƙarin ya daina suka koma haɗa magani kala-kala a tanki guda. Darɓa tana nan tana ƙiba, su kuma hannuwansu na saɓa, idanunsu na ja. Wasu ma yau za su fesa, gobe su yanke su sayar wa matan bariki.

Abin da Kubura ta kawo musu kuwa dariya ya ba su. Shinkafa ce a leda, ta yi fari fat da fumfuna. Ta yi musu bayani cewa wannan fumfunar daban take da wadda ke fitowa a jikin tsohon burodi. Masu bincike ne suka raine ta a kan shinkafar, kuma ba ta cin ganye, ƙwari take ci. A wanke shinkafar a ruwa, a tace da ƙyalle, a fesa da yamma in rana ta yi sanyi. Sai ta manne a jikin darɓa, ta huda ta shiga, ta kashe ta a hankali, sannan ta fito ta lulluɓe gawar da fari kamar auduga, daga nan ta harbi na kusa. Tun daga ranar suka raɗa mata suna Malama Mai Ruɓaɓɓiyar Shinkafa.

Wanda ya fi kowa dariya Toma ne, tsohon soja da ya ajiye bindiga ya ɗauki fartanya, kuma abin da ya faɗa shi sauran suke bi. Da ya gama dariyarsa ya share hawaye ya ce da Hausarsa ta bariki, "Madam, ofis naku ya kawo mana iri bai tsira ba. Ya kawo mana famfo, hoto kawai aka ɗauka aka tafi da shi. Wannan naka, ba takarda, ba hoto a waya. Mu shiga gona, mu juya ganye da hannunmu, mu ga ƙwarin ya mutu da farin nan. In mun gani, mun bi ka. In ba mu gani ba, kada ka sake zuwa."

Ta ce ta yarda. Baffa Bakari, wani dattijo mai sanyin hali, ya ba ta aron fegin kabejinsa, ya yi alkawarin ba zai fesa masa komai ba. Kullum da yamma take tasowa daga Ƙofar Ran ta zo ta duƙa tana juya ganye, manoma na wucewa suna tambayarta ko shinkafar ta nuna. Damina ta ƙare amma raɓa na sauka, ita kuwa fumfunar abin da take so ke nan. Jiya da ta juya ganye sai ta ga abin da take jira. Darɓar ta sandare, tuli-tuli, kowace ta sha farin likkafani. Saura kaɗan ta rangaɗa guɗa a tsakiyar lambu.

Yau ce ranar da suka ajiye da su Toma. Laifinta ɗaya, ta sanar da ofis. Shi kuwa ofis da ya ji an ce manoma za su taru, sai ya ga biki.

Ta iso fegin ta tsaya cak.

Kabejin Baffa Bakari yana ta ƙyalli. An ɓare duk ganyayen waje, an wanke kawunan, sun jeru tsirara kamar yaran da aka yi wa askin Sallah. Ta duƙa ta juya ganye. Babu komai sai danshi da wari. Ta matsa gaba ta juya wani, ta ratsa kunya ta koma ta biyu. Ko ɗigon fari ba a bari ba.

Baffa Bakari yana tsaye a gefe cikin wata sabuwar riga mai tambarin ofis, ta yi masa yawa, har yanzu da alamar ninki a jikinta.

"Baffa, me ya faru a nan?"

"'Yata, ina kwana tukuna."

"Lafiya lau, Baffa. Wa ya yi wannan?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin rigar. "Daraktanku ne ya zo jiya bayan kin tafi. Da sassafe sai ga mota da leburori da injin feshi."

"Kai kuma ka tsaya kana kallo? Ba na faɗa maka farin nan shi ne nasarar ba?"

"Kin faɗa. To amma shi ya ce lalacewa ce, za a gyara. Shi ne fa sama da ke. Ni wa, da zan ce wa mai mota da direba a'a?"

Kafin ta ba shi amsa sai ga mai motar da kansa. Alhaji Mijinyawa, Daraktan ofishinsu, yana gangarowa cikin farar babbar riga, ya tattare ta da hannu biyu, yana zaɓen wurin taka ƙafa. Shekaru ya yi yana shugabancin malaman gona, amma in aka ajiye masa kabeji da latas sai ya tambaya kafin ya nuna. Abin da ya ƙware a kai shi ne tsarin zama, wa zai zauna a dama, wa zai zauna a hagu, da wanda za a fara ambata a jawabi.

Ya ce, "Malama Kubura, sai yanzu? Ke da ya kamata ki riga kowa."

"Ranka ya daɗe, an ɓata gonar gwajin."

"Ɓatawa? Gyarawa dai. Ki gode wa Allah da na zo duba wuri jiya. Abin da na tarar, wallahi da babban baƙonmu Ciyaman ya gani da mun sha kunya. Ganye duk fari-fari kamar an watsa masa toka. Gonar gwaji ce ko juji?"

"Wannan farin shi ne aikin, ranka ya daɗe. Gawar ƙwarin ce. Ita muka tara mutane su gani."

Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ta yi masa wannan bayanin a ofis, yana gyaɗa kai yana latsa waya. Yanzu ya dube ta kamar yau ya fara ji, kuma bai ji daɗin ji ba.

"Za ki tara manya da 'yan jarida ki nuna musu ruɓa? Haba, Malama. Akwai abin da ake kira tsari."

"To maganin fa? Me ya sa aka fesa magani a gonar da muka ce ba ta buƙatar magani?"

"Riga-kafi. In Ciyaman ya duƙa ya ga ƙwaro ɗaya yana tafiya fa? Ke za ki amsa ko ni?"

Kubura ta yi ƙoƙarin hango Ciyaman a duƙe, mutumin da ko biro ya faɗi masa sai an ɗauko, hoton ya ƙi fitowa. Ta haɗiye abin da ya zo mata baki ta ce, "Ganyayen da aka ɓare, ina aka zuba su?"

Ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. "An kawar. Ki je ki gyara fuskarki, ke za ki riƙe farantin almakashi."

Ya wuce wajen masu ɗaura lasifika. Ta zagaya bayan rumfuna, ta duba kwalbati, ta duba gindin shinge. Babu tuli, babu toka. A bakin hanya ta tarar da Amos, direban ofis, yana sauke katan-katan na lemo daga bayan mota. A ƙasan motar ta hango ɗan guntun ganyen kabeji ya maƙale.

"Amos, kai ka kwashe ganyen?"

"Ni ne, Madam. Buhu-buhu. Oga ya ce kada a yi asara, na kai gidansa a GRA."

"Gidansa? Ya yi me da shi?"

"Raguna, Madam."

Ta dafe motar. Ta roƙe shi ya kai ta, ya ce ba hali, an aike shi ɗauko makaɗa. Ta haura titi da gudu-gudu ta tare keke napep, ta ce GRA, kuma ya yi sauri don Allah.

Mai keken ya yi iya yinsa. Suka bar hayaniyar bakin bariki, masu gasa masara da masu faci, suka shiga unguwar da ko kaza ba ta yawo a titi. Manyan katangu, manyan bishiyoyin mangwaro, shiru kamar ba a haihuwa a wurin. Kubura tana zaune a takure tana lissafi a ranta. In ta samu ko buhu ɗaya, za ta juye shi a gaban su Toma su tona da hannunsu. Ganyen Baffa Bakari ne, za su gane shi. Ba a gona ba ne kamar yadda aka yi alkawari, amma ya fi babu.

Ta buga ƙofar ƙarfe. Mai gadi, wani siririn mutum da ake kira Ɗanlarai, ya leƙo ta ƙaramar taga.

"Hajiya ba ta nan."

"Ba wajen Hajiya na zo ba. Wajen raguna na zo."

Ya ƙare mata kallo daga sama har ƙasa. Ya san ta, ta sha kawo saƙon ofis. Ya buɗe, ya biyo ta a baya don ya ga ƙarshen abin.

Garken yana bayan gida, da rufin kwano da daɓen siminti, ya fi ɗakin da ofis ya ba malaman gona kyau nesa ba kusa ba. Ragunan manya ne, farare, wuyansu har ninki yake yi. Buhunan na jingine da bango, an zazzage su kaf. Ragunan sun ci sun ƙoshi, wasu sun kwanta suna tuƙa, suna kallonta da irin kallon da mai gidansu yake yi mata in tana bayani. Abin da ya rage sun tattake shi cikin fitsari da kashi.

Kubura ta cire takalmi ta haura. Ɗanlarai ya ce, "Subhanallahi! Malama, suna tunkuyi fa!" Ba ta saurare shi ba. Ta shiga tona da hannu, tana ɗaga ganye tana yarwa. Wannan ya dame, wannan ya yage, wannan an lashe bayansa. Can a lungu wani ƙaton rago ya ja ganye guda daga ƙarƙashin kwamin ruwa ya fara ci daga gefe. Ta kama ɗaya gefen. Ya ja, ta ja. Ganyen ya rabe biyu, rabi ya tafi cikin rago, rabi ya zauna a hannunta.

Ta juya shi. Ga su nan, jere a bin jijiyar ganyen, farare tas, ba abin da ya taɓa su. Ta naɗe shi a hankici a hankali ta sa a jaka.

Ɗanlarai ya matso da damuwa a fuskarsa. "Malama, wai wani abu ne a jikin ganyen? Kada fa ya cuci ragunan Alhaji. Ni za a tambaya."

"Ba abin da zai same su. Ƙwari kawai take ci."

Ya sauke ajiyar zuciya ya yi hamdala. Tun da ta fara wannan aikin, shi ne mutum na farko da ya yi mata tambaya mai ma'ana a kan fumfunar, shi ma don raguna ya yi.

Da ta koma lambu rana ta take. Ba a fara komai ba. Manyan ofis da matansu sun cika inuwar rumfuna suna fifita da takardar tsarin taro. Manoman da aka shirya abin dominsu suna tsaye can baya a rana, an ja igiya tsakaninsu da fegin. Sun bar ban-ruwansu tun safe. Ta hango Toma ya harɗe hannu a ƙirji, yana ɗaga hanci sama yana shaƙa. Ta nufi wajensa, sai wata ma'aikaciyar ofis ta riƙo hannunta ta danƙa mata faranti mai almakashi, ta toshe hanci ta ce, "Ke kuwa warin me kike yi haka?"

Ciyaman bai zo ba. Ya aiko wakili, wani matashi mai baƙin tabarau da wayoyi a hannu biyu. Aka zaunar da shi a kujera mai laushi, makaɗa suka wasa Ciyaman kamar yana wurin, wakilin yana karɓar kirarin da ɗaga yatsa.

Alhaji Mijinyawa ya karɓi lasifika. Gaisuwa kaɗai ta ci rabin jawabin. Da ya iso kan maganar sai ya ce ofishinsa, a ƙarƙashin jagorancinsa, bisa hangen nesan Ciyaman, ya kawo wata sabuwar fasahar zamani irin ta ƙasashen da suka ci gaba. Bai ambaci fumfuna ba, kalmar ba ta dace da babbar riga ba. Ya miƙa hannu wajen fegin ya ce, "Jama'a, ido ba ya ƙarya. Ku dubi gonar nan. Ko ƙwaro ɗaya babu!"

Rumfa ta ɗauki tafi. Daga cikin rana ba wanda ya tafa.

Aka kira Baffa Bakari ya zo ya yi godiya a madadin manoma, ya yi. Aka kira farantin almakashi. Wakili ya taso ya taka har inda darduma ta ƙare, ya yanke ƙyallen da aka ɗaura a bakin fegin, masu hoto suka yi ta walƙiya. Kubura ta matsa kusa da mai gabatarwa ta ce a ba ta lasifika, magana kaɗan za ta yi.

"Lokaci ya ƙure, Malama. Baƙo yana da wani taron."

Ta ajiye farantin a ƙasa ta ɗaga murya ba lasifika. "Jama'a, gonar nan ba haka take ba jiya!" Daidai nan aka buɗe bayan mota aka fara rabon shinkafa da nama a robobi, makaɗa suka saki ganga. Alhaji Mijinyawa ya ji ta sarai. Ya yi mata murmushin da ke nufin za su haɗu a ofis, ya raka wakili mota.

Kafin a jima rumfuna sun zama wayam, sai robobi da ledoji a kan duwatsun da aka shafa wa fari. Leburori suka ɗauke kujera mai laushi a ka. Sai a lokacin manoman suka tsallake igiya suka shiga fegin. Kowa ya duƙa yana juya ganye, kamar yadda aka yi alkawari. Toma ya murza ganye a yatsu ya kai hanci, sannan ya miƙe.

"Madam, mu ba yara ba ne."

"Na sani, Baba Toma. Ku saurare ni. Fumfunar ta yi aiki. Jiya duk bayan ganyen nan fari ne da gawar darɓa. Darakta ne ya sa aka ɓare, aka wanke, aka fesa magani don baƙi."

"Abu ya yi aiki, sai aka wanke shi." Ya juya ga sauran. "Kun ji ko? Soja ya ci yaƙi, sai ya ɓoye."

Aka yi 'yar dariya. Kubura ta buɗe jaka ta warware hankicin, ta miƙa masa rabin ganyen a tafin hannu biyu. Suka matso suka leƙa. Toma bai karɓa ba.

"Daga wane kunya ka cire wannan?"

"Ba daga nan ba. Daga GRA na ɗauko, gidan Darakta."

"GRA ana noman kabeji?"

"A bakin rago na ƙwato shi."

Tana faɗa ta ji yadda maganar ta fita. Dariyar wannan karon har da masu riƙe ciki. Wani ya ce ashe ragon ma malamin gona ne. Wani ya ɗaga robar abincinsa ya ce shi dai wannan shinkafar ya yarda da ita, don ba ta ruɓe ba. Ta juya wajen dattijon da ke tsaye cikin rigar ofis.

"Baffa, kai ka gani da idonka. Faɗa musu."

Baffa Bakari ya yi gyaran murya. Mutum ne da ba ya ƙarya, kuma yau ma bai yi ba. "Na ga farin, wannan gaskiya ne. To ko shi ya kashe ƙwarin, ko ciwo ne ya kama ganyen, ni ban sani ba. Ke kin ce nasara ce, babbanku ya ce lalacewa ce. Abin da na sani, da safe an yi feshi, yanzu kuma babu ƙwari." Ya dube ta da tausayi. "Kada ki damu, 'yata. Kowa yana kare abincinsa. Ba mu riƙe ki da komai ba."

Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Can gefen kwalbati wani ya yi kira. Ya tsinci kwalbar da leburori suka yar, ya ɗago ta sama. Sabuwa ce, ja, da hoton zaki ya buɗe baki. Nan take aka bar Kubura da ganyenta aka yi wajensa. Kwalbar ta shiga yawo hannu zuwa hannu, ana juya ta, ana shinshinawa, ana jinjina kai. Ta ƙarasa ta leƙa. Kallo ɗaya ta yi wa rubutun ta gane.

"Wannan ai shi ne wanda kuke fesawa tun tuni. Kwalba kawai aka canza, da suna. Bai kashe komai a nan ba, gawa ya tarar."

Toma ya ce, "Namu bai taɓa share gona haka ba. Wannan na manya ne, shi ya sa suka ɓoye." Ya ɗaga kwalbar ya nisanta ta da idonsa, ya matso da ita, ya girgiza kai. "Rubutu ya yi ƙanana. Madam, karanta mana. Murfi nawa a tanki?"

"Ni zan karanta muku wannan?"

"Ba kai ne malamin gona ba?"

Wani daga baya ya ce ba sai an karanta ba, shi dai zai ninka abin da ya saba, ya ɗan ƙara da na tsohuwar kwalba don ya yi ƙarfi. Wasu suka ce haka ne.

Kubura ta juya za ta tafi. Ta ƙudurta a ranta su sha shi ma in sun ga dama, su da ofis ɗin duka. Ta yi taku kaɗan sai ta ga matan bariki suna gangarowa da kwandunansu, kamar yadda suke yi kullum in rana ta karkata. Ta gaba, mai goyo a baya, ta hango kawunan kabejin nan masu ƙyalli, ta saki baki. Ta wuce fegin kowa ta nufi Baffa Bakari tana cewa yau kam ta ga kaya, a yankar mata manya-manya. Baffa ya fara laluben wuƙa a aljihun sabuwar rigarsa.

"Baffa, mayar da wuƙar nan," in ji Kubura. "Yau da safe aka fesa masa guba. Ba mai yankan kabejin nan sai ranar da na ce."

Matar ta ja baya tana gyara goyonta. Baffa ya mayar da wuƙa.

Toma yana nan tsaye da kwalbar a miƙe. Kubura ta dubi hannun da ke riƙe da ita. Fatar ta saɓe, ta tsattsage a tsakanin yatsu, farcen ya yi baƙi. Gobe war haka sun saye kwalba mai zaki kaf a kasuwa, ko ta karanta ko ba ta karanta ba.

Ta naɗe rabin ganyen a hankici, ta mayar da shi jaka don hannunta ya samu sarari. Ta karɓi kwalbar.

"Murfi ɗaya," ta ce. "Ɗaya tak, ba a ƙarawa, ba a haɗa shi da komai. A rufe hanci da baki, a sa leda a hannu. Kada a fesa ana fuskantar iska."

"Dakata, Madam," in ji Toma. Ya juya ya daka wa na baya tsawa irin ta bariki. "Kai, ku yi shiru! Malama yana magana."

Suka tsuguna a gabanta a kan kunyoyin, manya da ƙanana, har da waɗanda ba su taɓa amsa sallamarta ba. Wani ya cire hula don ya ji da kyau. Ta ci gaba da karantawa, tana fassara musu layi bayan layi, har zuwa kwanakin da ake jira kafin a yanka.

Tun da ta fara aikin malamar gona ba a taɓa yi mata shiru irin wannan ba.